Fasinjojin Taragon da Ba Ya Tafiya

Na fara ɗaukar tire a tashar jirgin ƙasa ta Zariya damina biyu bayan an gama yaƙi, shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, direbobin unguwar PZ suka yi ta gaisawa da goshin mota. Naira ba ta fito ba tukuna, da sule da sisi muke ciniki. Ban sauke tiren ba sai bayan da waya ta shiga aljihun kowa, har mai tura baro. Ku da kuka yi boko sai ku haɗa shekarun, ni dai na san a tsakani na aurar da 'ya'ya huɗu, na binne miji ɗaya, na huda gindin tukunya uku.

Abin da ya sa nake wannan bayani, 'yan matan Samaru ne. Jikata Rabi da ƙawayenta suna dafa shinkafa a ɗakin makaranta, su zuba a roba, a kira su a waya, mai babur ya kai. Ran nan ɗaya daga cikinsu, mai gilashi a ido, ta dube ni ta ce, "Kaka, ai ku kun more. Babu data, babu dalibari. Jirgi ne ke kawo muku kwastoma har bakin tukunya." Sauran suka yi dariya. Na ce to madalla, ku gyara zama ku ji yadda muka more.

Tukunyar farko da na dafa ni kaɗai, tuwo ta zama. A hannun Gwaggo Tasalla na koyi sana'ar, ƙanwar ubana, wadda ta riga rabin ma'aikatan tashar zuwa wurin. Ran nan ta ce jirgin Ikko zai shigo da azahar, ta bar ni da murhu ta tafi gaisuwar mutuwa. Ni kuwa na ɗauka in an ce azahar, azahar ake nufi. Na dafa shinkafa ta nuna lugub, na sauke, na wanke fuska, na zauna. Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Na mai da ita wuta don kada ta huce, na yayyafa ruwa don kada ta kama. Da jirgin ya ga dama ya shigo, abin da ke cikin tukunyar sai dai a mulmula. Gwaggo ta dawo, ta sa ludayi, ludayin ya tsaya cak da ƙafarshi. Ba ta zage ni ba. Cewa ta yi, "Sannu da aiki, 'yar nan. Saura ki kaɗa kuka."

Daga ranar na koyi cewa shinkafar tasha ba a gama dafa ta. Ana sauke ta da sauran ƙarfinta, a tsane ruwan, a rufe da buhun algarara mai tsabta, a ja garwashi gefe, a zaunar da tukunya kan toka mai ɗumi. A haka za ta yi ta jira ba ta lalace ba. Wake daban, mai daban, yaji daban, kada ki haɗa sai kin ga fuskar mai ci. Mutumin da ya taso daga Ikko ya kwana biyu yana cin burodi, yaji yake nema, ki cika mashi. Wanda ya hau a Kaduna bai ji yunwa ba tukuna, kallo kawai zai yi ya tambayi farashi, kada ki ɓata ƙafarki a tagarshi. Taragon manya kuwa, mai labule, Gwaggo ta hana ni zuwa. Ta ce suna da kuku a ciki, kuma ko sun saya sai sun tambaye ki da wane ruwa kika wanke hannu.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da halinshi. Gammo, tire mai baki, ludayi, da kwanukan tasa. Gammon tasha ba irin na ɗaukar ruwa ba ne, faffaɗa ake naɗawa, saboda gudu za ki yi kanki a ɗage kina kallon taga. Taga kuwa tana sama da ke. Da dama za ki miƙa, da dama za ki karɓa, hagu na riƙe da tire, ga mata goma suna ture ki, kowa tana kiran abin da ta dafa. Kwano shi ne babban ciwon kai. In jirgi ya busa, wanda bai gama ci ba ba zai fasa ci ba. Sai ki bi tagar da sauri kina "Kwanona, Alhaji, kwanona," mai tsoron Allah ya wurgo, marar tsoro ya ɗaga miki hannu.

Akwai wani ɗan kasuwar goro da ya tafi min da sabon kwano mai zanen fure. Bayan wata da watanni ina tafe bakin jirgi, sai ga hannu ya fito ta taga riƙe da shi. "Yarinya, zuba min a nan, ni ba na ci a kwanon kowa sai nawa." Na karɓa, na zuba mashi a takardar siminti, na miƙa. Ya ce ina kwanon? Na ce, "Ya iso gida, Alhaji, yana gaishe ka da ɗawainiya."

To amma duk wannan wasa ne. Sana'ar gaba ɗayanta abu guda ce: ki san yaushe jirgi zai zo. Allon da ke jikin ofis ba da mu yake magana ba, kuma ko waɗanda suka iya karanta shi ban ga ya amfane su ba. Gwaggo takan cire takalmi ta taka ƙarfen dogo, ta ce tana jin shi a tafin ƙafa. Gaskiya ne tana ji, sai dai lokacin da ƙafa za ta ji, ko ruwan shinkafa bai isa ya tafasa ba. Ni hular shugaban tasha nake kallo. In ya rataye ta a ƙusa, ki je ki yi kitso. In ya ɗauko yana kaɗe ta, ki hura wuta. Haka muka yi shekaru, rabi sani, rabi addu'a.

Sai 'yan oba-oba suka zo. Ba ma'aikata ba ne, ba kuma matafiya ba. Mutane ne da Allah ya jarabce su da son jirgi. Babbansu Malam Bulus, mutumin kudancin Kaduna, tsohon mai buga waya a reluwe, da ya yi ritaya ya rasa inda zai kai kunnenshi. Ya kafa wata doguwar sanda bayan shagonshi, nan kusa da tasha, ya haɗa akwatin rediyo irin wanda kake magana a amsa maka, wato oba-oba. Sai Ticha Iro, mai gyaran na'urori a makarantar Samaru, wanda ke tahowa kan keke duk yamma. Sai Alhaji Akawu daga cikin Birni, dattijo mai rawani, da ya yi aikin ofis har ya gaji. Suna da irinsu a Kaduna, a Kafanchan, a Minna, har Ikko. Su zauna su yi ta kiran juna, akwati na shiii, na ƙarr, kowa na faɗin abin da ya wuce ta gabanshi.

Kuma me suke faɗi? Wane kan jirgi ne aka raɗa wa sunan wane kogi. Wanne ne kukanshi ya fi kauri. A wace tasha ake shayar da jirgin kwal ruwa a da, kuma tankin yana dama ne ko hagu. Na taɓa kai musu abinci na tarar Alhaji Akawu da Malam Bulus ba sa magana da juna, a kan ko jirgin Gusau yakan busa sau ɗaya ne ko sau biyu kafin ya shiga Funtuwa. A lokacin jirgin Gusau ya daɗe da daina zuwa Funtuwar ma.

Na ce, "Malam Bulus, duk wannan ilimi, a cikinku wa ya hau jirgi bana?"

Ya ce, "Asabe, wanda ke ciki ai ba ya ganin jirgi."

Na raina su, ba zan ɓoye ba. Amma na lura da abu ɗaya. In na Kaduna ya ce jirgi ya tashi, to ya tashi, domin da idonshi ya gani, kuma mutumin da ba a biyanshi ba shi da dalilin yin ƙarya. Daga Kaduna zuwa Zariya, a tafiyar jirgin wancan lokaci, ya ishe ki ki wanke shinkafa, ki dafa, ki yi salla, ki canja zane. Sai na riƙa aika musu da ƙanzo da ɗan mai, su kuma in akwati ya yi magana, Malam Bulus ya leƙo ya ɗaga min hannu. Shekaru na fi kowace mace a dakalin nan zafin abinci. Har Ladi mai ƙosai, maƙwabciyata a wurin zama, ta fara cewa ina da aljani.

Muguwar shekara ta zo bayan zaɓen nan da aka soke, da kamar damina biyu. Jirgi ya fara zuwa sau ɗaya a mako, ya koma sai an gani. Ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa, awaki suka samu wurin kiwo. Mata suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu tashar mota, wasu gida. Gwaggo Tasalla ta riga ta rasu, ba ta ga wannan ba. Muka rage ni da Ladi. Maigidana ma ya rasu a shekarar, sai ɗana na fari, wanda ba na kama sunanshi, Soja nake ce mashi, ya fara zarya daga barikin Basawa. Ya share min ɗaki a gidanshi, ya sa labule, ya sayi tabarma mai laushi.

"Inna, zaman me kike a tashar da babu jirgi? Abokan aikina suna ganinki. Ki zo ki huta."

Na san irin hutun. Ki zauna a ba ki, ki ci a kan lokacin da aka ga dama, in kin ce miya ta yi gishiri a ce tsufa ne. Matarshi yarinyar kirki ce, ba ruwanta. Ni ce ban iya miƙa hannu ta wannan fuskar ba, na saba ni ke miƙa wa mutane. Amma jari ya ƙare, saura buhu guda na shinkafa, shi ma ba cikakke ba. Na ce da shi, "Wannan buhun ne alƙali. In na dafa shi ya dawo gida a tukunya, ka zo da mota." Ya ce ya ji, kuma soja ne, na san zai riƙe maganar.

Na hana kaina taɓa buhun sai jirgin da ya cika jirgi. Ran wata Asabar da hantsi sai ga Malam Bulus da kanshi, ba ɗaga hannu ba, gudu yake, tsoho da shi, takalmi ɗaya a hannu.

"Asabe! Ya taso! Ya bar Kaduna!"

"Wane ne?"

"Babba! Rabon da a ga irinshi a layin nan tun kina yarinya. Na Minna ya gani, na Kaduna ya gani, har kuka ya yi a akwati. Duk garin nan zai zo."

Na ce babba? Ya ce babba. Ban ƙara tambaya ba. A bakina, babban jirgi shi ne mai taragu har ƙarshen dakali, kowace taga da hannu biyar. Na juye buhun kaf a tukunya biyu, na ari ta Ladi ta uku. Na aika aka gaya wa Soja ya zo da yamma ya ga yadda ake sana'a.

Gari kuwa ya zo, nan bai yi ƙarya ba. Ticha Iro ya baza labari a Samaru, malamai suka taho da kekuna da motoci. Alhaji Akawu ya kwaso dattawan Birni. Tsofaffin ma'aikatan reluwe na Sabon Gari suka fito, wasu da tsohuwar rigar aiki da ta daina rufe ciki. Dakali ya cika maƙil. Na dubi taron na ce, masu tarya ma ke nan, ina ga fasinja.

Sai ga shi. Kan jirgi na dizal a gaba, yana tafe a hankali kamar mai rakiyar amarya. A bayanshi wani baƙin tsohon kan jirgin kwal, babu wuta babu hayaƙi, janshi ake yi za a kai shi ajiya. A bayan wannan kuma, iska. Ko tarago ɗaya babu. Mutum uku ne a jirgin gaba ɗaya, kuma da kular abincinsu suka zo.

Dakali ya ɗauki tafi. Wani tsoho ya cire hula. Na ratsa taron na samu Malam Bulus yana shafa ƙafar jirgin kamar ya ga ɗan'uwanshi da ya ɓace.

"Malam Bulus, ina mutanen?"

"Waɗanne mutane?"

"Na cikin jirgi. Masu baki. Masu ciki."

Ya dube ni, ya dubi bayan jirgin, a lokacin ne ya fara ganin babu komai a wurin. Ya ce, "Wallahi Asabe, babu wanda ya tambaya." Mutum biyu a gari biyu sun ga jirgin nan, sun faɗi lambarshi, sun faɗi sunan kogin da ke jikinshi, sun yi gardama kan fentinshi. Ba wanda ya ga ba ya ɗauke da kowa.

Mai gilashi, na san abin da za ki ce: ai ga taro, ki sayar musu. Na gwada. Na ɗauki tire na zaga har sau ba adadi. Ba wanda ya ko dube ni. A nan ne ku ba ku san garinku ba. Matafiyi yana cin abinci a bainar jama'a saboda baƙo ne, ba wanda ya san shi, kuma tafiya ta ba shi uzuri. Amma magidanci ɗan gari, da iyalinshi da tukunyar gidanshi, ya tsaya a dakalin tasha da kwano a hannu, surukinshi na gefe, ɗalibinshi na baya? Kafin ya isa gida labari ya riga shi, a ce matar wane ba ta girki. Yunwa suke ji, na gani a idonsu, tun hantsi suke tsaye, ƙamshin man gyaɗa na dukansu. Alhaji Akawu ya haɗiyi yawu ya ce, "Allah ya kawo kasuwa, Hajiya," ya juya min rawani.

Rana ta karkata. Aka ce jirgin ba zai wuce ba sai an duba wani abu a ƙafarshi, don haka ba wanda ya tafi, kuma ba wanda ya ci. Shinkafa tana da iyakar jiranta ko a kan toka. Ladi ta ce, "Yaya Asabe, mu rarraba sadaka, ko lada a samu." Na ce ladan yana Basawa yana jirana da labule.

A can layin gefe akwai wani tsohon taragon fasinja da aka yar, ya yi shekaru a wurin, kaji na ƙwai a ƙarƙashinshi. Ina kallonshi sai na ga tagoginshi suna daidai tsayin da hannuna ya saba. Na koma wurin Malam Bulus.

"Kai ka jawo min wannan, kai za ka fitar da ni. Wancan taragon, na wane zamani ne?"

Idonshi ya kawo haske. Ya ce ai irin na farko-farko ne, kujerun katako, masu jingina da ake juyawa gaba ko baya. Alhaji Akawu, da ke kusa, ya ce sam, masu juyawa ba su zo layin nan ba. Ticha Iro ya ce sun zo. Na ce, "To ni jahila ce, amma da ni ce ku, da na shiga na duba."

Maigadi tsohon abokin aikin Malam Bulus ne, ya buɗe musu. Su uku suka shiga, goma suka bi su, sai ga dattawa suna layi suna tattare riga. Suka kaɗe ƙura, suka zazzauna, kowa ya kama taga yana leƙen baƙin jirgin daga inuwa. Na ba su ɗan lokaci zama ya ratsa su. Sannan na naɗa gammo, na ɗora tire, na bi gefen taragon da muryar da na yi shekara da shekaru ina yi.

"Shinkafa da wake! Da zafinta! Fasinja, a yi sauri kafin ya tashi!"

Aka yi dariya a ciki. Dariyar ba ta gama sauka ba hannu ya fito ta taga ta uku, da hannun babbar riga mai aiki. Muryar Alhaji Akawu ta ce, "Yarinya, zuba na mutum ɗaya. A sa yaji, tafiyar da nisa."

Shi ke nan. Hannuwa suka fito kamar an yi ruwa a gonar gero. Wani ya ce a ƙara mai, tun Ikko bai ci komai ba, alhali a bayan kasuwa gidanshi yake. Wani malamin Samaru ya ce da surukinshi, "Baba, ashe jirgi ɗaya muka hau?" Ladi ta kunna wuta ta soya ƙosan da ba ta yi niyya ba. Kuma karon farko a rayuwata, kwanukana suka dawo duka, tunda ba inda za a gudu da su.

Soja ya iso da mota a bayan la'asar, har da igiyar ɗaure kaya. Ya tarar ina kankare gindin tukunya ta uku. Ya dubi tukwanen, ya dubi taragon cike da dattawa suna sakace, ya ce, "Inna, wannan jirgin ina za shi?" Na ce, "Ba Basawa ba dai." Sai ya ce ko akwai saura? Na ce ƙanzo ne, kuma ba na sayar wa na tsaye. Ya shiga ya zauna da kakinshi, ya miƙo hannu ta taga.

Daga ranar, duk Asabar 'yan oba-oba a taragon nan suke zama, da su da masu zuwa jin gardamarsu, ni kuma ina bin taga. Ba ciniki ne na a zo a gani ba, amma ya riƙe ni har jirage suka ɗan farfaɗo, ya kuma riƙe ni bayan sun sake kwantawa. Maganar kujera mai juyawa kuwa ba a taɓa gama ta ba, don da suka duba sun tarar tsatsa ta cinye wurin juyawar, kowa ya ce shi ke da gaskiya.

Yanzu saura kaɗan a cikinmu. Malam Bulus ya rasu, a garinsu aka binne shi. Alhaji Akawu ya riga shi da azumi ɗaya. Maigadi ma ya tafi. Ticha Iro yana nan Samaru, kunne ya toshe, amma 'ya'yanshi sun ce har yau yakan kunna akwatin ya kira Kafanchan, ya jira, ya ce layi ne ba kyau. Ladi tana Zabi wurin 'yarta, ƙafa ta ƙi, bakin dai yana nan. Soja ya yi ritaya, furfurarshi ta fi tawa. Sai ni Asabe, a ɗakina na Sabon Gari, ina hura wutata da hannuna. Ɗakin Basawa kuwa, na ji masara suke zubawa a ciki.